Ragowar Kwanon Baba

Ranar da na fara gwada ɗaukar Baba, mu biyun muka zube a ƙofar banɗaki. Kwana tara ke nan da dawo da shi daga asibiti, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, hannu da ƙafa. Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na yi bisimilla na yunƙura. Daga turakarsa zuwa banɗaki bai fi taku goma sha biyar ba. Na yi goma sha biyu, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Inna ta yar da buta ta saki salati. Baba yana kwance a ƙasa, rigarsa ta tattare har ciki.

Kada wani ya yi mamaki. Baba ƙato ne, manomin masara a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, mutumin da yake ɗora buhu a kan babur shi kaɗai yana hira. Ni kuwa dangin Inna na biyo. Ina koyarwa a firamare, abu mafi nauyi da nake ɗagawa shi ne rajistar aji. Tun ina ƙarami ake ce mini in riƙa sa dutse a aljihu saboda iska. Ni kaɗai ne namiji, ƙannena mata duk suna ɗakunan mazajensu. Kuma ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zaunar da ni hira ba. In yana son wani abu sai ya ce da Inna, “Ce wa wancan ya zo,” ko da ina tsaye a gabansa. Alkunya ce irin tasu, da ita na taso, ban taɓa jin zafinta ba.

Daga ranar aka koma neman hannu a waje. Kullum da hantsi maƙwabta biyu suke shigowa, wani mai faci da wani ƙanin liman. Su kama shi, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, su zaunar da shi a kujerar roba, su cire masa riga, su riƙe shi har Inna ta gama cuɗa shi. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Amma mai facin nan a gaban Baba aka haife shi. In suka ce, “Sannu Baba, ya ƙarfin jiki?” sai ya amsa can ciki, ya runtse ido, ba zai buɗe ba sai sun fita. Ya fara cewa ai wanka ba dole ba ne kullum.

Ni kuwa a wannan lokacin ina zaure, na kasa zaune na kasa tsaye. Haushin kaina nake ji, haushin dangin Inna, haushin duk wanda ya ba ni alli maimakon fartanya. Na nemi a dawo da ni daga makarantar da nake can wajen Ɗansoshiya zuwa ta kusa da gida, aka yi mini, amma dawowar ba ta ɗaga kowa daga katifa ba. Abu ɗaya nake so a duniya: in ɗauki ubana da hannuna, in kai shi in dawo da shi, bare ya daina ganin tsiraicinsa.

A wani kango bayan tasha akwai samari masu ɗaga ƙarfe. Ƙarfen nasu siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka masa bututu, sai wasu tsofaffin ƙarafan injin niƙa. Babbansu ya taɓa aikin haƙar ma'adini a Riruwai, in ya tsaya a ƙofar kangon haske ba ya shiga. Da ya gan ni ya ƙare mini kallo sama da ƙasa.

“Malam, ɓatan hanya ka yi, ko ɗalibai ne suka fi ƙarfinka?”

Na gaya masa gaskiya ba ƙari. Sai ya daina dariya, ya kori masu yi, ya miƙo mini bututu zalla ba siminti.

“Da wannan za ka fara. Amma ka ji da kyau, ɗaga ƙarfe rabi ne, ci shi ne rabin. Furotin, Malam. Wanda yake ɗagawa ba ya cin mai gina jiki, kansa yake ci.”

Ya ce abin na watanni ne. Ni kuwa ba ni da watanni, kullum hantsi yana yi. Na ba wani direba saƙo ya sayo mini garin furotin daga Kano, wata ƙatuwar roba mai hoton mutum duk jijiya. Na kuma bi ta bayan fage na sayi ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Ina damawa ina sha, ina haɗiyar ƙwaya, ina auna damtsena da zare kullum da safe, wani lokaci har da yamma, kamar wanda ya shuka gyaɗa yana tonowa ya ga ko ta fito. Sati uku kumatuna suka ciko. Mutane suna ce mini, “Malam, ka samu wuri.” Damtse kuwa yana nan inda na bar shi, ga bugun zuciya, ga rashin barci.

Wata 'yar yayar Inna ce ta gano ni, ma'aikaciyar jinya ce, takan zo ranar Asabar ta auna jinin Baba. Ta dubi fuskata ta ajiye jaka.

“Kai, me kake sha?”

Na fara kame-kame. Ta sa na ɗauko, ta juya robar ta juya, ta ɗaga ƙwayar.

“Mai ciwo ɗaya bai ishe mu ba ke nan? Wannan ruwa take tara maka, ba tsoka ba. Shi kuma garin, na gaskiyarsa ba laifi, madara ce ko waken suya aka sarrafa. Amma naka ko ranar lalacewa babu a jiki. Ga waken suya ana nomawa a bayan gidanku, ka aika Kano!”

Ta tsara mini yadda zan rage ƙwayar a hankali har in daina. Ta ce in ci wake, awara, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli, kifi in ya samu, kaɗan-kaɗan a kowane ci, in kuma yi barci kamar mutane. Sannan ta juya ga Inna ta ce shi ma Baba haka, don kwanciya tana zaftare naman jiki. Ƙwai biyu kullum da safe, nono, ɗan nama ranar kasuwa. Ba a jima ba ta haihu, zuwan Asabar ya tsaya.

Na bi maganarta, amma da irin halina na gaggawa. Na zama mai bin layin awara tare da 'yan mata, mai suyar tana tsokanata wai amarya na ɓoye a gida. Na tare wata Bafulatana da take kawo nono daga wajen Falgore na zama na farko a ƙwaryarta. Aljihuna kullum da ƙuli-ƙuli. A aji ina rubutu a allo ina lissafin abin da na ci tun safe da abin da ya rage. Kuma wata irin yunwa ta taso mini wadda ban taɓa sani ba, ta mutumin da yake ɗaga siminti da yamma.

A nan ne maganar kwanon Baba ta shigo. Hannunsa na dama ya mutu. Ya ƙi yarda a ba shi a baki, ya kuma ƙi yarda wani ya gan shi yana ci da hagu. Sai Inna ta ajiye masa abinci ta saki labule ta fita. In ya gama ya ƙwanƙwasa kwano da cokali, ni nake shiga in ɗauko. A gidanmu ragowar uba ta ɗa ce. Ba a zubarwa, ba a mayarwa tukunya, albarka ce, tun ina yaro nake cinye ta. Da farko rabin ƙwai nake tararwa. Daga baya ƙwai guda. Daga baya biyun duka, ko ɓare su bai yi ba, nonon ma sai dai a ce an taɓa. A nan bayan labule nake tsayawa in cinye, in fito da kwano fes.

Inna, wadda Malam take kiran Baba, ta karɓa ta ce, “Alhamdulillahi, yau ma Malam ya cinye.”

Ban taɓa ce mata a'a ba. Na gaya wa kaina mai ciwo bakinsa ba daɗi. Na gaya wa kaina barin abinci ya lalace zunubi ne. Na gaya wa kaina ai duk saboda shi nake yi. Har wata rana na ji Inna tana cewa da mai faci abin yana ba ta tsoro, Malam yana ci amma ba ya kama jiki, ko ciwon ne yake cinye abincin. Ta aika aka karɓo rubutu, ta jiƙa wasu saiwoyi. Ina jin su daga zaure, na tashi na fita, na tafi kango tun la'asar ba ta yi ba, na yi ta ɗagawa. Washegari kuma na cinye ƙwan. Wannan ita ce gaskiya, kuma har yau in na tuna kunya takan rufe ni.

Zaren awo ya fara gajarta. Na ɗaga rabin buhu, bayan wasu makonni na ɗaga cikakke na yi taku biyar da shi. Babban kangon ya ce in ƙara wata guda kafin in gwada, mutum ba buhu ba ne, in ya faɗi ba a kwashe shi. Na ce to, ina ƙirga kwanaki.

Ban cika watan ba. Kaka ta yi, kowa ya bazama karyar masara. Wata rana hantsi ya yi, ya wuce, rana ta take, babu mai faci babu ƙanin liman. Ruwan da Inna ta ɗumama ya huce ta sake ɗorawa. Na shiga na fita ya fi sau goma. Daga ƙarshe na ɗaga labule na durƙusa.

“Baba, zan gwada.”

Ya dubi Inna. “Ce masa ya bi a hankali.”

Na tsuguna yadda aka koya mini, baya a miƙe, ƙarfi a ƙafa. Na tattaro duk ƙarfin da nake ɗaga buhu da shi na yunƙura, sai ga ni ina neman faɗuwa ta baya. Babu nauyi. Taku biyu na farko murna ce zalla, har na ji kamar in yi ihu a ji ni a tasha. A na uku yatsuna suka fara jin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga. Na kai shi, na zaunar da shi, na cire masa rigar da hannuna. Rabon da in ga jikinsa tun ranar da muka faɗi. Cinyoyin nan da suke taka kunyar gona tun asuba sun koma ƙashi da fata. Damtsensa na hagu, mai lafiyar, bai kai nawa ba. Na riƙe shi Inna tana zuba ruwa tana sa mini albarka, tana cewa yau Allah ya rufa mana asiri. Ni kuwa idona yana kan haƙarƙarinsa.

Washegari na karɓi kwanon daga hannun Inna na ce ni zan kai. Ta tafi rijiya. Na shiga, na ajiye, na saki labule ina daga ciki, na zauna a bakin katifa na fara ɓare ƙwai. Baba ya jira in tashi. Da ya ga ba ni da niyya sai ya ɗaga murya wajen ƙofa.

“Ce wa wancan ya fita.”

“Inna ba ta nan, Baba. Kuma yau ba zan fita ba sai ka ci.”

Tunda aka haife ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya daɗe. Bakinsa ya karkace tun ciwon, maganar takan fito da ƙyar, amma na ji kowace kalma, kuma da ni yake kai tsaye.

“In na cinye, wa zai ɗauke ni?”

Na ce ni. Na ce ko ya koma yadda yake a da, ni ne, babu wanda zai sake shigowa. Ban san ko zan iya ba, amma na faɗa. Na miƙa masa ƙwan da na ɓare. Can ya miƙo hannun hagu ya karɓa, ya ci a gabana, a hankali, yana haɗiya da wahala. 'Yar gwaiduwa ta maƙale masa a gemu. Na tsaya ina tunanin ko ɗan fari yana da hurumin taɓa gemun ubansa, sannan na sa hannu na goge. Na biyun ya girgiza kai, cikinsa ya saba da kaɗan.

Na fito da kwanon a buɗe, ƙwai guda a ciki, na ajiye a gaban Inna da ta dawo tana sauke tulu. Wata huɗu ba ta ga ragowa ba. Ta dubi ƙwan, ta dubi labule, sannan ta ɗago ta tsayar da ido a kan hannuwana.