Akuyar da ta wuce azahar

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta Faskar da ta faɗo cikin azumi ba, shekarar da mijin maƙwabciyata ya rasu.

'Yar Togo ce, kirista, kowa a unguwa Madam yake ce mata. Katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta makanike ne, ya daɗe a Agadas har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Duk shekara in bazara ta shigo, dogon yaro ya yi fure, mangwaro ya fara isowa daga kudu, mun san bikinsu na Faska ya matso. Da sassafe zai jawo akuya zuwa ƙofarmu ya ce wa maigidana, "Malam, a taimaka da wuƙa." Ba don bai iya yanka ba, don dai mu ci hankali kwance. In sun dawo daga majami'a, unguwa ta cika gidansu.

A wannan shekarar wan mijinta ya zo daga Lome da niyyar tafiya da ita da yaran. A ganinsa mace ba miji, ba dangi, a bakin hamada, ba ta da kowa. Ita kuwa ba ta son tafiya, nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta binne mijinta. Ta ce masa ya jira Faska ya gani da idonsa.

Ranar ta zo da zafi mai narka mutum. Ba ta aiko ba, mu ma ba mu leƙa ba. Ni dai na ce a raina, mai baƙin ciki ba a damunta da biki. Ina kwance a rumfa bayan azahar, bakina ya bushe ƙamas, sai na ji akuya tana kuka a bayan katanga. Na tashi zaune. Akuyar Faska ba ta taɓa ganin hantsi da ranta ba.

Na yafa mayafi na shiga. Tabarmi a shimfiɗe, ba kowa a kai. Yaran cikin sababbin kaya sun yi jugum, baƙon yana kan kujera yana fifita, akuya a ɗaure a turke.

Na ce, "Madam, wannan kuma gadi kika ɗauke ta?"

Ta ja ni madafa, ido ya cika da hawaye. "Yaya, kuna azumi. Da wane baki zan sa Malam ya fito rana ya yi mini yanka? Kuma in hura wuta ƙamshi ya dame ku?"

"Shi wan mijin naki fa, ba ya da hannu?"

"Ya ce zai yanka, na hana. In ya yanka wasu ba za su ci ba. Tun safe yake nuna mini tabarmin nan, yana cewa ina mutanen naki."

Wallahi raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni. Muna can muna yi mata kara, tana nan tana yi mana kara, ana shirin raba ta da gidanta.

Na koma na tashi Malam daga barci, ya wasa wuƙa ya je ya yanka akuyar. Na bi gida-gida na ce yau a gidan Madam za a sha ruwa. Kafin magariba mata sun shigo da kunu, da dabinon Bilma, da cuku, da ƙanƙara. Yaranta da ke jin yunwa tun rana suka ce su ma sai an kira salla. Mazan suka yi salla a ƙofar gida suka dawo, ita ta yi addu'arta da yarensu, sannan aka sa hannu. Wata tsohuwa ta riƙa zuba wa baƙon nama tana yi masa faɗa wai ya rame.

Da aka watse baƙon ya tsaya gaban Malam ya ce, "Na zo ɗaukar matar da ba ta da kowa. Ban same ta ba." Shi kaɗai ya hau mota, ita kuwa har yau katangar nan ce tsakaninmu.

Tun ranar na gane kara ma tana iya yin ɓarna in ta yi yawa. In maƙwabcina ya yi shiru a ranar da ya saba kira, ba na zama ina yi masa fassara. Takalmina nake sawa in je in tambaya.