Malam Kalilu, Maƙerin da Ya Daina Buga Mari

Kafin 'yan kwastan su ɗaga shingen Magama, kafin direbobin da suka kwana a ƙarƙashin motocinsu su gama miƙa, hayaƙin maƙerar Malam Kalilu ya riga ya tashi a bayan tashar Jibiya. Daga masallaci ba ya biyawa gida. Zai zuba gawayi, ya hura wuta, ya jawo guntayen sifirin da manyan motoci suka karya a hanyar Maraɗi, ya shiga duba wanne zai yi fartanya, wanne zai yi lauje. Can sai matarsa Hajjo ta kawo kunu a wani ƙaton kwano da ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Ba don almubazzaranci take cika shi ba. Kusan kullum akwai wani a zaune bayan zuga-zugi, kuma ba maƙeri ba ne, ba ɗan maƙeri ba. Mutum ne da ƙwaya ta taɓa wa kai, yake neman hanyar dawowa cikin mutane.

Bana Malam Kalilu ya ajiye masaba, don idanunsa sun gaji da kallon wuta. Babu gwamnatin da za ta ba shi lambar yabo, ba ta ma san da zamansa ba. Shi ya sa ya kamata mu da muka sani mu faɗa, tun yana raye yana ji.

Tun da kuɗin mai suka shigo, Jibiya ta daina barci. Siminti, atamfa, gishiri, buhunan gero, wannan mota na shiga waccan na fita. Fari kuma ya koro maza daga ƙauyukan Maraɗi, ba su zo da komai ba sai ƙarfin wuyansu, suka kama dako. A nan ƙwayar hana barci ta samu kasuwa, ana sayar da ita a faifai ɗaya da goro da ashana. Mutum ya haɗiya, ya sauke mota guda bai ji a jikinsa ba, a yi ta yi masa kirari. Daga baya barci ya ƙaurace masa, ya fara jin ana kiran sunansa a inda babu kowa. Abin tausayin ma shi ne wanda ya yi ta maza ya daina. Sai baƙin ciki ya rufe shi, ya zauna yana kuka ba a yi masa mutuwa ba, ko tsoro ya hana shi fita ko ƙofar ɗaki. Dangi su ce ai ga shi nan, da ma mun faɗa, ya haukace.

A ƙasarmu kuwa, idan hankalin mutum ya gushe, an yi rubutu an yi hayaƙi abin ya ƙi, ƙofar da ake bugawa ta maƙeri ce. A buga masa mari a ƙafa, a kai shi bayan gida a ɗaure a turke. Ba za a ce mugunta ce ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ɗanta ya bi da taɓarya ba wa'azi take nema ba. Malam Kalilu ya gaji wannan aiki wurin mahaifinsa kamar yadda ya gaji ƙirar fartanya, ya kuma yi shi shekaru da zuciya ɗaya.

Tartsatsi ne ya sauya masa hanya. Ya faɗa masa a ido, aka kai shi asibitin Katsina. Yana zaune kan benci yana jiran layi, sai idonsa mai lafiya ya sauka kan ƙafar mutumin da ke kusa da shi, ya ga baƙin tabo ya zagaye idon sawu. Maƙeri ba ya kasa gane aikinsa. Ya ɗaga kai, sai ga wani mutumin Bugaje da shi da hannunsa ya buga wa mari, yau ga shi fes da riga da hula, har shi ya fara yin sallama. Mutumin ya nuna masa wata ma'aikaciyar jinya, Sista Talatu. Ita ta gaya masa akwai likitan masu taɓin hankali da kan zo lokaci-lokaci, akwai magani, akwai kuma zama a yi magana da marar lafiya, kuma da yawa cikin waɗanda ƙwaya ta birkita suna dawowa daidai idan aka kawo su da wuri.

"To mi ya hana a hwaɗa muna?" in ji Malam Kalilu.

Ta ce, "Baba, ai wurinku suke fara zuwa. Mu sai ƙafa ta ruɓe ake kawo mana su."

Maganar nan ta bi shi har Jibiya.

Bai fito ya ce ya daina ba, don ya san da ya faɗa za a koma wurin wani maƙerin a Kusa ko Riko. Sai ya ɓullo da wata dabara. An ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe, amma ban da marin Malam Kalilu. Idan aka kawo mutum, sai ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki ya ce, "Wanga ƙarhe bai yi ba, sai an samo wani. Ku bar mini shi nan shi riƙa yi mini zuga kahin nan." Haka za a bar mutum yana hura wutar marin da ba za a taɓa gamawa ba. Hannu ya samu abin yi, gumi ya fita, ga kunu ga tuwon Hajjo, ga tsoho da ba ya gajiya da sauraron surutun da kowa ya gudu ya bari. Ranar da labari ya zo cewa likita ya iso, sai a rufe maƙera, a ga Malam Kalilu a motar Katsina da baƙonsa a gefe, yana ɓare masa gyaɗa.

Kai ne, na Hajjo, ka san ƙofar da ake shiga a asibitin nan da wadda ba a shiga. Kai ne tafinta idan marar lafiya ya kasa haɗa magana, kai ne mai tuna wa mutum maganinsa da safe, kai ne mai zuwa gidan surukai ka roƙi a ƙara haƙuri kar a raba aure. Manoma sun sha zuwa da damina su tarar da maƙera a rufe su tafi suna mita, ba ka taɓa gaya musu inda ka je ba, don asirin wani ne.

Labarin da duk tashar Jibiya ta shaida shi ne na Sule, ɗan dako daga wani ƙauye bayan Ɗan Isa. Matarsa Lantana ce ta fara kawo shi, ya rame, ya daina ƙwaya amma ba ya ci ba ya magana. Aka yi zuga, aka je Katsina, Sule ya murmure har ya koma bakin aiki. Wata Lahadi, ranar kasuwa, motoci suka yi yawa, wani abokin aikinsa ya miƙa masa ƙwaya ya ce guda ɗaya ba ta komai. Kafin mako ya zagayo Sule ya farfasa tukwanen gidansa, ya fito titi yana jifan motoci yana cewa biyo shi suke yi.

Da hantsi aka kawo shi maƙera ɗaure da igiyar shanu, jama'a na biye. A gaba akwai wansa Ɗantala, wanda ya tsallako iyaka da jin labari, da ƙarfensa a hannu don kar a ce masa ƙarfe bai yi ba. Ya zo da mai unguwa kuma. Niyyarsa a buga mari, ya ɗauki ƙanensa ya mai da shi ƙauye a ɗaure, Lantana ta koma gidan ubanta.

"Malam, mun ji dabararka," in ji Ɗantala. "Kun kai shi ga lokotoro, ga abin da anka samu. Yau sai ya kashe wani za ku yarda? Ƙanena ne, ni ka da iko da shi."

Mai unguwa ya ce, "Kalilu, gaskiyatai ce. Yi mishi."

Hajjo ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mijinta kamar ta ranar ba. Ya san Ɗantala ba maƙiyi ba ne, ya san shi ma kansa ba shi da tabbacin Sule zai warke. Bai yi gardama ba. Ya sa ƙarfen a wuta, ya lanƙwasa, ya huda, ya tsoma a ruwa. Sannan ya waiwayo.

"A gidanmu, wanda ya nemi mari shi ka riƙe ƙahwa. Haka na iske ubana shina yi. Zo ka riƙe."

Ba ƙirƙira ya yi ba, tsofaffin wurin duk sun san al'adar, don kar gobe a ce maƙeri ne ya ɗaure ɗan mutane. Ɗantala ya durƙusa, ya ɗora ƙafar ƙanensa kan cinyarsa kusa da uwar maƙera. Ƙafar duk faso, ta yi kanta saboda ɗaukar kaya. Da ita suka tako tare daga ƙauye shekarar fari kafin Ɗantala ya koma gida, da kuɗin dakonta aka ciyar da gidan Ɗantala har ruwa ya dawo. Malam Kalilu ya zura marin, ya saita ƙusa, ya ɗaga masaba, ya tsaya yana kallon mai riƙo. Sule, wanda tun safe yake fizge-fizge, sai ya yi laƙwas. Ya dubi wansa ya ce a hankali:

"Yaya, riƙe da kyau, kar in motsa shi buge maka hannu."

Ɗantala ya saki wani irin kuka da ya sa mata suka juya baya. Ya zare marin da kansa ya jefar cikin toka. Da ya samu ya yi magana, sai ya ce, "Yaushe lokotoron ka zuwa?"

Tare aka je da Ɗantala. Likita bai yi wa kowa faɗa ba, ya ce komawa ruwa yana cikin ciwon, ba ƙarshensa ba ne. Hanyar ta yi tsawo. An yi watannin da magani ke sa hannun Sule rawa, an yi ranakun da ya ce gara ya mutu, Malam Kalilu ya zaunar da shi gefensa bai bari ya fita shi kaɗai ba. Ya kuma hana shi komawa dako, ya ce wanda kunama ta harba ba a mai da shi ya kwana bakin raminta. Yanzu Sule ke kai fartanyu da lauzuna kasuwannin ƙauye yana sayarwa, kuma har yau yana zuwa karɓar maganinsa.

Ba duka aka samu ba, ƙarya ce a ce haka. Akwai wanda ya gudu daga motar Katsina ba a sake ganinsa ba, akwai wanda danginsa suka ɗauke suka kai wa wani maƙerin. Waɗanda suka dawo kuwa suna nan cikinmu, muna sahu ɗaya da su a masallaci, wasunsu ba mu ma san sun taɓa zama bayan zuga-zuginsa ba.

Ranar da ya miƙa maƙera ga ɗan ƙanensa, mutane kaɗan suka taru aka yi addu'a. Lantana ta zo da ƙwaryar fura. Da ta ji za a rubuta labarin Malam, ta gyara mayafi ta ce, "Ku sa wanga ciki. Ku ce mijina da ƙahwahunai ya dawo gida, ba ɗauko shi anka yi ba."

An sa, Lantana.

Mun gode, Malam Kalilu. Allah ya saka maka da alheri, ya saka wa Hajjo da tukunyarta, ya saka wa Sista Talatu da ba ta taɓa cewa kun cika zuwa ba. Allah ya sanyaya idanun da wuta ta cinye. Mu kuma da muka rage, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi hannun ma ya gaji. Ƙwaya ba ta bar tasha ba, kuma a kowace unguwa akwai gidan da ake rufe wani a ɗaki ana cewa ya yi tafiya. Ba sai ka iya ƙira ba, ba sai ka yi boko ba. Ka tambayi ranar da likita ke zuwa, ka je ka yi sallama a gidan nan da ka sani, ka ce wa mai ciwon ya sa rigarsa, kai za ka raka shi.