Yadda jirgina ya sami sunan Gauraka

Shekarun baya, farkon kafa jihar Kebbi, ruwan tafki ya janye da wuri ya bar jirgina na katako kafe cikin laka a bakin Yelwa. Da shi nake ɗaukar fasinja ranar kasuwa, da shi muke ci. In ya daɗe a rana, katakon zai tsage. Mun taru mun tura har muka gaji, ko motsi bai yi ba.

Sai abokina, direba a wajen masu gyaran hanya, ya roƙi maigidansu aka kawo injin ɗaga kaya da suke kira kiren. Jama'a! Ya miƙa dogon wuyan nan, aka ɗaura igiyoyi, sai ga jirgina sama yana lilo, laka na zuba. Ina tsalle ina kabbara, hulata ta faɗa ruwa ban ma sani ba.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na faɗa a gida cewa da hannuna zan rubuta Kiren a jikin jirgin, ya zama sunansa.

Inna ta ce, "Me yake nufi?"

Na ce, "Sunan injin ne, Inna."

"Na ji. Me yake nufi? In zagi ne fa? Ba za ka liƙa wa abincinmu sunan da ba ka san asalinsa ba."

Na kai wa malaminmu maganar. Ya duba ƙamus, ya yi dariya, ya ce, "Ai sunan tsuntsu ne, dangin gauraka. Turawa sun ga injin da dogon wuya yana sunkuyawa yana ɗauka, sai suka ba shi sunansa."

Da gudu na koma gida, ni da furfurata. Inna ta ce, "Gauraka? Wanda ke kiwo a fadamarmu? To rubuta da Hausa mana!"

Na sayo fenti, na yi ta gwaji a ƙasa kafin na taɓa katako. Duk da haka harafin farko ya fito a karkace, na ƙarshe kuma ya matse don wuri ya ƙare.

Tun daga nan ba na barin kalma ta wuce ni ban tambayi asalinta ba. Jirgin ya tsufa, an sha yi masa fenti, amma ban yarda kowa ya gyara rubutun nan ba. Har yau fasinja in sun iso bakin ruwa, tambayarsu ɗaya ce: "Gauraka ya tashi?"