Tafiyar Ƙwato Inji a Gudel

Litinin, Maradi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motarmu ta tashi daga Maradi, ni kuwa cikina fal da faɗa. Da ɗan abin da na samu bayan na ajiye aikin koyarwa na sayi injin kwale-kwale, na damƙa wa Yaya Hima, yayan matata, mai ƙetarar da mata masu lambu a kogi wajen Gudel, wata unguwa ta Yamai. Wata huɗu kacal, sai ga waya wai inji ya tsaya. A gaban ƙanwarsa na ce masa ba ya da kula, na kuma rantse sai na zo na karɓe abina na ba wani. Amsarsa kawai ita ce, "To, Mushe," yadda ake kiran malamin boko a wurinmu.

A Konni jandarma suka duba katinmu. Azahar ta same mu a Doso, na ci shinkafa da wake a tsaye. Biyar saura muka shiga Yamai, bayan kilomita ɗari shida da wani abu. Na sauka gidan wani tsohon ɗalibina a unguwar Kwara Kano.

Talata, Gudel

Bakwai na safe taksi ta ajiye ni bakin kogi. Yaya Hima ya tarbe ni da sannun mutanen Yamai, "Fofo, Mushe," na amsa a daƙile. Ya saɓa injin a kafaɗa muka nufi rumfar Garba bakanike.

Garba ya kwance kan injin, ya leƙa, ya yi salati. Fistan ya manne, jikin silinda duk ya kakkarce kamar an ja masa ƙusa.

"Wanga ba tsuhwa ba ne, ƙuna ce," in ji shi. "Ku kawo mini tankin."

"Ba sai an kawo ba," in ji Yaya Hima.

Na ce a raina, yawwa, ga abin da yake ɓoyewa. Na ɗaga murya na ce wallahi sai an kawo. Ya dube ni, ya tafi ya ɗauko.

Garba ya zuba kaɗan a tafin hannunsa. Nan take ya bushe, ko maiƙo babu.

"Zallan esansi! Wa ya yi wanga aiki? Injin ruwa irin wanga ba babur ɗinku ba ne mai wurin mai daban. Shi sai an gauraya man inji cikin esansi, in ba haka ba ƙarhe ya ci ƙarhe."

Jama'a, nan take na tuna. Mako uku da suka wuce na zo ganin jirgin. Ranar da zan koma, Yaya Hima yana masallaci, na sayo esansi, wato fetur, jarka guda na cika masa tanki, na tafi ban faɗa ba, wai ni mai alheri a ɓoye. Mutumin tudu ne ni, shekara talatin ina hawan babur, ban taɓa jin ana gauraya komai ba.

Wata dattijuwa mai wankin latas a gefe ta ce, "Ai a idona ka zuba, Malam. Ina cikin jirgin ranar. Tsakiyar ruwa ya mutu, ga kogi ya cika, ga mu da kwandunanmu. Ruwa ya ja mu har muka fara kalmar shahada. Da filafili guda bawan Allahn nan ya fid da mu."

Sai a lokacin na lura da tafin hannunsa, duk ya sassale. Tsoro da kunya suka rufe ni.

"Yaya, ka sani?"

"Tun ranar."

"Mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Mijin ƙanwata ne kai. Kuma alheri ka yi nufi."

Laraba, kasuwa da kogi

Garba ya ce gyara ɓata lokaci ne, ƙunar ta kai har ƙasa. Tara na safe muka shiga taksi mu uku, muka zaga shaguna huɗu kafin mu sami inji na hannu da ya gamsar da shi. Da la'asar aka ɗaura. Yaya Hima ya miƙo mini kwalbar man inji, ya ce, "Mushe, yau kai ne ɗalibi." Matan suka yi ta dariya, ni na auna, na zuba, na girgiza tanki. Ja biyu inji ya kama. Muka ƙetara muka dawo, ban iya kallon tsakiyar ruwan ba.

Alhamis, gida

Huɗu na asuba na baro Yamai, la'asar sakaliya ina Maradi. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma tsare matan nan daga alherina. Godiya ga Garba da mai masaukina.

Ko takalmi ban cire ba matata ta ce, "Ka karɓo injin?"

Na miƙa mata waya na ce, "Kira mini Yaya. A gabanki na ci mutuncinsa, a gabanki zan ba shi haƙuri."