Kwanon da Na Jiƙa a Jabel

Shekarar da ƙanƙara ta kakkarya bishiyoyin Greensboro ta Amurka, har muka yi kwanaki ba wuta muna girki da gawayi, ita ce shekarar da na sauka gidan 'yata ta fari a McLeansville. Abin da zan faɗa ya faru da bazarar da ta biyo baya, jikana ko rarrafe bai fara ba.

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma a unguwarmu a Maraɗi, in za a yi wa amarya jere ni ake aika wa. Kwanon da ya bi ta hannuna, sai mutum ya ga haƙoransa a ciki. To ni ɗin ce na fito falo wata safiya na tarar da 'yata, babbar ma'aikaciyar asibiti, durƙushe gaban taga. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗora wani kasko a kai tana ɗaukarsa hoto. Kasko fa! Baki a karkace, jiki da kaushi kamar ƙafar mai faso, cikinsa duk siraran tsage sun yi baƙi.

Na ce, "Ke, lafiyarki? Ga ɗanki can, sai abin ba kaji ruwa za ki ɗauka?"

Ta yi dariya. "Inna, kwanon shan macca ne, shayin Japan."

Ta buɗe gwangwani, na ga kuka ce sak. Ta kaɗa da wani ɗan maburgin gora ta miƙo min. Na kurɓa, na shiga neman wurin tofarwa. Ta ce wata tsohuwa 'yar Japan da ta yi jinyarta a asibiti ce ta koya mata, kuma kafin ta rasu ta ba ta kwanon. Shi ne nata na farko. Daga baya ta sayo wasu, tana sa hotunansu a intanet don masu irin ciwonta su gani.

Ana nan sai aka ce uwar mijinta za ta zo daga Kano. Na dubi kantar jere, na ga kaskon nan zaune a tsakiya da baƙinsa. A shigo gidan 'yata a ga kwano da dauɗa, ina numfashi? Tana fita aiki na jiƙa shi a jabel, ruwan nan mai cinye tabo, na bi shi da soson ƙarfe. Kafin azahar ya fito fes. Na mayar da shi ina jiran yabo.

Da ta dawo ta gani, jakarta ta faɗi. Ba ta yi tsawa ba. Ta zauna a ƙasan kicin da kwanon a cinyarta.

"Inna, me kika yi?"

"Wanke miki na yi. Ba godiya?"

"Baƙin nan ba dauɗa ba ne. Shayin da tsohuwar ta sha ne tun tana amarya. Shi ta bar min."

Washegari ta kwashe kwanonin ta kai ɗakinta, na ji ƙarar makulli. Innalillahi. 'Yar da na goya ta kulle min ƙofa kamar ɓarauniya! Kwana uku muna gaisawa kamar maƙwabta. Ni kuwa ba a taɓa jin na ba ɗan da na haifa haƙuri ba.

A rana ta huɗu na buɗe akwatina zan ɗauko zane, hannuna ya taɓo ƙwaryar mahaifiyata. Gyartai ya ɗinke ta wuri biyu, cikinta ya yi ja da nonon da ta dama tun ban san kaina ba. Ko sau ɗaya ban bari sabulu ya taɓa ta ba. Da wani ya jiƙa min ita a jabel, wallahi da sai an kira 'yan sanda.

Na ɗauko farin ƙyallen, na shimfiɗa gaban taga, na ɗora ƙwaryar.

"Ke, zo ki ɗauki wannan."

Ta daɗe tana duban ɗinkin, sannan ta durƙusa ta ɗauka.

Na ce, "Fito da kaskon. Abin da na cire, ni zan mayar."

"Inna, ke da kika tofar?"

"Ina ruwanki da bakina?"

Tun daga ranar, kullum bayan asuba nake shan koren ruwan nan a cikinsa, ba sukari, ina yamutsa fuska. Ba a sake kulle ɗakin ba. A hankali tsagen suka sake yin duhu. 'Yata ta ce wannan baƙin nawa ne, na tsohuwar ya tafi ke nan. Na ce na sani.

Uwar mijin, wadda na yi ɓarnar dominta, ko kallon kantar ba ta yi ba, yanzu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Cikin waɗanda suka ga wannan zamani, saura 'yata da mijinta, da jikan nan da ya fi ni tsawo yake amsa min da Turanci, sai ni da kwanon.