Baftismar da Aka Hana Ni

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya ƙone gero tun yana tsaye a gona, ina saurayi a ƙauyenmu da ke gefen Shanono. Gidanmu na Maguzawa ne. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, mahaifiyata kuwa tana nan kan al'adar kakanni, tana yanka wa iskokin gida kaza da farkon damina. A shekarar an yanka, an sake yankawa, har kajin suka ƙare, ruwa bai sauka ba.

Yayana ne ya fara ficewa. Ya tafi Kano dako a wurin wani Alhaji mai hatsi, da ya dawo sai ga shi da carbi, ya musulunta. Ya yi ta lallaɓa ni in bi shi. Ni kuma na fara leƙa wata 'yar majami'ar kara a bayan unguwarmu, inda wani dattijo mai bishara ke koyarwa. Ba zan ɓoye muku ba, ana raba garin masara bayan sujada, kuma ban taɓa makara ba.

Sai dai wata Lahadi ya ba da labarin yadda Almasihu ya yi kuka a kabarin abokinsa. Ni da ko ɗigon hawaye ban yi wa mahaifina ba, sai ga ni a bayan majami'a ina sheshsheƙa. Daga nan kaina ya ɗaure.

Inna tana gyaran tafasa ta dube mu ta ce, "Wannan ya bi buhun Alhaji, kai ka bi kwanon mai bishara. In ruwa ya sauka, wa za ku bi?"

Don in huta da tunani, na je na ce wa dattijon ya yi mini baftisma. Na zaci zai yi murna. Sai ya ce, "Ɗana, bari sai rumbunku ya cika. In ka ƙoshi kana so, ka dawo. Gari kuwa ka ci gaba da karɓa, ba sayen mutum ake yi da shi ba."

Haushi ya kama ni. Ranar Juma'a na bi yayana masallaci, na tsaya daga nesa ina kallon sahu, abin ya burge ni. Kashegari na raka Inna gindin tsamiyar da take roƙo, nan ma tausayinta ya hana ni ganin wautar abin. Lahadi na koma majami'a. Ko'ina na je sai in ji kamar baƙo ne ni, kuma kamar ɗan gida.

Damina ta gaba ta yi kyau, aka daina rabon gari, ni ma na ɗauke ƙafa. Ba wanda ya biyo ni. Har lokacin kaka, ran nan ina ɗaurin dami, na ji bakina yana addu'a da sunan Yesu, ba kowa a gonar, ba abin da nake nema. Na koma wurin dattijon. A kogin Watari aka yi mini baftisma, Inna ta ƙi zuwa amma ta dafa mini tuwo.

Yau na tsufa cikin bin Almasihu, ban yi nadama ba. Amma in matasa suka tambaye ni yadda na zaɓa, sai in rasa bakin zaren. Ni na zaɓa, ko janyo ni aka yi? Shi ya sa ba na saurin yanke wa kowa hukunci kan ƙofar da ya shiga.

Kwanan baya na tambayi yayana, a shekarar can imani ne ya kai shi ko yunwa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe kai ma ba ka sani ba?"

Ana haka aka kira sallar la'asar. Ya jawo buta, ni kuma na riƙe masa sandarsa.