Ƙwaryar Ruwan Inna

Tunda yayana ya bar noma ya shiga ramin zinari, Inna ta tsiro da wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ta cika ƙwarya da ruwa, ta girke ta a daɓen ɗakinta, ta hana kowa sha. Ramukan suna bayan ƙauyenmu, yamma da Anka, sun bi ta ƙarƙashin ƙasa har gindin gonakinmu. Duk sanda aka tashi nakiya don fasa dutse, sai mu ji dum, ruwan ƙwaryar ya yi rawa.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ji a rediyo cewa a ƙasashen da ake girgizar ƙasa, masana na da na'urori masu lissafa irin jijjigar da kowace unguwa za ta sha. Sai na laƙaba wa ƙwaryar suna na'urar Inna.

"Yi ta dariya," in ji ta. "In ka ji ƙara ruwa ya motsa, nakiya ta, kowa na waje, don ba a tashinta da mutum ciki. Abin da nika tsoro, ruwa ya motsa babu ƙara."

Da damina ta yi nisa, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, Inna ta roƙi yayana ya dakata sai kaka. Ya ce saura kaɗan su cim ma zinarin. Kullum dai saura kaɗan ne.

Wata rana da hantsi ina ƙofar ɗakinta ina gyaran fartanya, ita tana tsince shinkafa, gari tsit. Sai na ga ruwan ya yi rawa. Na kasa kunne. Wallahi ban taɓa roƙon Allah in ji ƙarar nakiya ba sai ran nan, amma shiru.

Inna ta ajiye faifai. "Tashi ka kirawo mutane. Yayanka shina ciki."

Muka tarar ramin ya rufta. Muka yi ta tono har hannuwanmu suka yi jini. Gawarsa muka fiddo, tare da ta wani ɗan ci-rani da ko garinsu ba mu sani ba.

Har yau ina jin haushin ƙwaryar nan. Gaskiya ta faɗa, amma sai da aikin gama ya gama. Su ma masanan rediyon, an ce ba su san ranar da ƙasa za ta motsa ba.

Bayan an share makoki, da safe na ɗebo ruwa zan cika mata ƙwaryar kamar yadda take yi kullum. Ta riƙe hannuna.

"Bari, ɗana. Wanda nika da shi ƙarƙashin ƙasa yanzu, ba shi fitowa."